Sammakon ma'aikatan Falasɗinawa a shingayen binciken Isra'ila

Tsakanin garin Baitalahmi da Birnin Ƙudus bai wuce tafiyar kilomita 10 ba. Mai mota, idan hanya a buɗe take, ba zai cika minti 20 ba ya isa. Amma shekara da shekaru, musamman daga 2005 zuwa 2019, dubban Falasɗinawa magina da leburori sun riƙa barin gidajensu tun ƙarfe biyu ko uku na dare domin yin wannan 'yar gajeriyar tafiya, kuma duk da wannan sammako ba kowa ne yake isa wurin aikinsa a kan kari ba.

Abin da ke tsakaninsu da wurin aikin shi ne wani shingen bincike na Isra'ila da ke bakin arewacin Baitalahmi, wanda aka fi sani da Shinge na 300. An gina shi ne a jikin doguwar katangar kankare da ta raba garin da Birnin Ƙudus, kusa da wurin da Yahudawa ke kira Kabarin Rahila, Musulmi kuma ke kira Masallacin Bilal bin Rabah. A watan Nuwamban 2005 aka buɗe shi a matsayin babbar mashiga mai rufi da na'urori, a madadin ɗan shingen sojoji na kan hanya da ake da shi a da.

Ba shi kaɗai ba ne. Akwai shingen Kalandiya tsakanin Ramalla da Birnin Ƙudus, da na Eyal kusa da Kalkiliya, da na Sha'ar Efrayim kusa da Tulkaram, da na Tarkumiya a yammacin Al-Khalil, wato Hebron. Sai dai na Baitalahmi ne ya fi fitowa a hotuna, domin nan ne 'yan jarida da masu sa ido suka fi samun saukin zuwa.

Yadda ake ƙetarawa

Waɗanda suka san wurin a waɗancan shekaru sun san cewa layin yakan soma ne tun kafin zakara ya yi cara. Motocin haya kan kwaso mutane daga ƙauyukan kudu, har daga wajajen Al-Khalil, su sauke su a gindin katanga. Wasu ma ba sa jiran motar dare: sukan zo tun bayan sallar isha'i su shimfiɗa kwali a ƙasa su kwanta, domin su kasance a sahun gaba idan an buɗe ƙofa da misalin ƙarfe huɗu. A gefen hanya masu sayar da gahawa da shayi da burodi mai riɗi da sigari sukan kasa kayansu, har wurin ya zama wata 'yar kasuwar dare wadda takan watse da hantsi.

Daga nan sai mutum ya shiga wani dogon lungu mai shingen ƙarfe hagu da dama, kamar keji, wanda faɗinsa bai wuce na mutum biyu ko uku ba. A ƙarshensa akwai ƙofar ƙarfe mai juyawa, mai ɗaukar mutum ɗaya a lokaci guda. Wani soja ne da ke zaune cikin ɗaki mai gilashin da harsashi ba ya hudawa yake sarrafa ta da maɓalli. Idan ya ga dama ya sake ta, mutum goma ko ashirin su wuce, sai ya sake kulle ta. Wani lokaci takan tsaya da mutum a tsakiyarta, ba gaba ba baya.

A irin wannan lokaci ne ake shan wuya. Na baya ba su san an rufe ƙofa ba, suna ta turowa, na gaba kuma ƙarfe ya tare su. Samari masu jini a jika sukan kama sandunan ƙarfe su hau, su riƙa takawa ta saman kawunan jama'a domin su tsallake layi, abin da kan haddasa cacar baki da faɗa tsakanin mutanen da wahala ɗaya ce ta tara su. Karayar haƙarƙari da suma ba baƙin abu ba ne a wurin. A shekarar 2014 kafofin labaran Falasɗinu sun ba da rahoton mutuwar ma'aikata biyu a cikin turmutsutsu a shingen Sha'ar Efrayim, ɗaya a farkon shekarar, ɗaya a ƙarshenta. A watan Disamban wannan shekara dubban ma'aikata sun ƙi ƙetara shingen na yini guda domin nuna rashin amincewarsu da halin da ake ciki.

Masanin tsarin gine-gine ɗan Isra'ila, Eyal Weizman, ya rubuta a 2007 cewa hannuwan ƙofofin masu juyawa da aka kafa a shingayen yankunan Falasɗinawa an rage tsawonsu zuwa santimita 55, alhali wanda aka saba amfani da shi a cikin Isra'ila santimita 75 ne. Manufar ita ce ƙarfen ya matse jikin mai wucewa yadda ba zai iya ɓoye wani abu a ƙarƙashin tufafinsa ba. Ga mai jiki, ko mace mai juna biyu, ko mai ɗauke da jaka, wannan bambanci na santimita 20 ba ƙaramin abu ba ne.

Wanda ya wuce ƙofar farko bai gama ba. Zai cire bel da takalmi, ya zuba kuɗin ƙarfe da wayarsa a na'urar haska kaya, ya bi ta ƙofar gano ƙarfe, sannan ya sake shiga wani layin zuwa taga, inda zai manna katinsa da takardar izininsa a gilashi, ya ɗora yatsa a na'ura. Magina da yawa sun sha fama a wannan mataki na ƙarshe, saboda siminti yakan cinye zanen yatsunsu har na'urar ta kasa gane su. Akwai wata ƙofa ta musamman da aka ware domin mata da tsofaffi da marasa lafiya, amma masu sa ido sun sha ba da rahoton cewa ba kullum ake buɗe ta ba.

Da yawa daga cikin ma'aikatan a can ƙetare suke sallar asuba, a filin ajiye motoci, a kan kwali, cikin sanyin hunturu ko yayyafi, kafin su ruga su nemi motar ɗan kwangilarsu.

Mafi yawan abin da duniya ta sani game da waɗannan safiyoyi ya fito ne daga wasu ƙungiyoyi biyu da suka jure tsayuwar asuba suna ƙirga mutane da mintoci. Ta farko ita ce Machsom Watch, wadda wasu mata 'yan Isra'ila suka kafa a 2001, ta biyu kuma shirin masu rakiya na Majalisar Coci-coci ta Duniya da aka soma a 2002.

Me ya sa kowa ke zuwa lokaci ɗaya?

Cunkoson ba daga yawan jama'a kaɗai ya taso ba. Tushensa yana cikin takardar izinin kanta, wadda Falasɗinawa ke kira tasrihi. Mafi yawan takardun ba su yarda ma'aikaci ya kwana a cikin Isra'ila ba. An rubuta masa sa'o'in da zai iya kasancewa a can, daga asuba zuwa maraice, don haka dole ne ya shiga kullum ya fita kullum. Aikin gini kuwa a Isra'ila da sassafe ake soma shi, wajen ƙarfe shida da rabi ko bakwai, kuma wurin aikin yana iya kasancewa a Tel Aviv ko wani gari mai nisan awa guda ko fiye daga shingen. Ke nan dubban mutane ne za su bi ta 'yan ƙofofi ƙalilan cikin awa biyu ko uku.

Motar ɗan kwangila ba ta jira. Wanda ya makara ya yi asarar kuɗin yinin, wanda kuma ya yawaita makara yana iya rasa aikin ɗungurungum. Har zuwa ƙarshen 2020 sunan mai ba da aiki yana rubuce a jikin takardar izinin, saboda haka rasa ubangida yana nufin rasa izinin shiga. Wannan ne ya sa dattijo mai shekara 50 yake kutsawa cikin turereniya kamar yaro. Ba rashin haƙuri ne ke tura shi ba, lissafin abincin gida ne.

A wajen masu sa ido, abin da ya fi ba da takaici shi ne sau da yawa tagogin bincike suna nan a jere, amma kaɗan daga ciki ne ke da ma'aikaci a zaune. Ranar da aka buɗe tagogi da yawa layi kan tafi sumul, ranar da aka buɗe kaɗan sai a cushe. Ma'aikaci ba shi da hanyar sanin wace irin safiya ce zai tarar, shi ya sa kullum yake shirya wa mafi muni.

Wani abin lura shi ne abin da ya faru a watan Maris na 2020, lokacin annobar korona. Da aka ga rufe shingaye zai tsayar da gine-gine, nan take hukumomin Isra'ila suka ba dubban ma'aikata damar zama a cikin ƙasar na tsawon wata guda ko biyu ba tare da komawa gida ba. Dokar hana kwana, wadda aka daɗe ana cewa ta tsaro ce, ta sassauta cikin 'yan kwanaki da bukatar hakan ta taso.

Da can ba haka ake ba

Matasan Falasɗinawa na yau ba su san lokacin da babu layi ba, amma iyayensu sun sani. Bayan yaƙin 1967, wanda a cikinsa Isra'ila ta mamaye Gabar Yamma da Kogin Jordan da Zirin Gaza da gabashin Birnin Ƙudus, ministan tsaro Moshe Dayan ya bi manufar buɗe wa Falasɗinawa ƙofar aiki a Isra'ila. A ganinsa mutumin da ke samun abin sakawa a bakin salati ba zai yi saurin ɗaukar makami ba. A 1972 aka ba da izinin fita na bai-ɗaya, wanda ya ba mazauna yankunan damar shiga Isra'ila da rana ba tare da neman takarda ta musamman ba. Kafin ƙarshen shekarun 1980, fiye da mutum 100,000, wato kimanin kashi ɗaya cikin uku na ma'aikatan yankunan, a Isra'ila suke neman abinci, akasari a gine-gine da gonaki da gidajen abinci.

Wannan ya kawo kuɗi a ƙauyuka, amma ya bar baya da ƙura. Manoma sun bar gonakinsu sun koma leburanci, masana'antu kuma ba su samu sararin tasowa a yankunan ba, saboda hukumomin soja ne ke riƙe da lasisi da filaye da ruwa. Sannu a hankali tattalin arzikin Falasɗinawa ya jingina kacokan a kan na maƙwabcin da ke mulkinsu.

Boren Intifada na farko da ya ɓarke a Disamban 1987 shi ne ya soma sauya al'amura. A 1989 aka tilasta wa ma'aikatan Gaza mallakar kati mai maganaɗisu, wanda ba a ba duk wanda hukumomin tsaro ke tuhuma. A watan Janairun 1991, lokacin yaƙin Tekun Fasha, aka soke izinin bai-ɗaya, aka ce kowa ya nemi nasa. A watan Maris na 1993, bayan wasu hare-hare da aka kai wa Yahudawa, gwamnatin Yitzhak Rabin ta rufe yankunan baki ɗaya, ta kafa shingaye a kan hanyoyin shiga Isra'ila da Birnin Ƙudus. Daga nan ne kuma aka soma shigo da leburori daga Romaniya da Tailan da Sin domin su maye gurbinsu.

Abin mamaki shi ne shekarun sulhu ne suka tabbatar da wannan tsari. Yarjejeniyar Oslo ta 1993 da yarjejeniyar tattalin arziki ta Paris ta 1994 sun bar Falasɗinawa da kuɗin Isra'ila, wato shekel, da tsarin kwastan ɗinta, sun kuma bar wa kowane ɓangare ikon ƙayyade yawan ma'aikatan da za su shigo masa. A aikace ɓangare ɗaya ne kawai yake da ƙofar da zai rufe.

Hujjar Isra'ila

Isra'ila na cewa ba don ƙuntata wa kowa ta kafa shingayen ba, sai don kare rayukan 'yan ƙasarta. A lokacin Intifada ta biyu, wadda ta soma a Satumban 2000, 'yan ƙunar baƙin wake sun kai hare-hare a motocin safa da kasuwanni da gidajen cin abinci. Harin da aka kai wani otal a garin Netanya a watan Maris na 2002 shi kaɗai ya hallaka mutum 30. A cikin wannan shekara ce gwamnatin Ariel Sharon ta soma gina katangar. Su kansu shingayen ba su tsira ba: a Janairun 2004 wata mata 'yar ƙungiyar Hamas ta tayar da bam a mashigar Erez da ke arewacin Gaza, ta kashe 'yan Isra'ila huɗu, a wurin da dubban leburori ke bi kowace safiya. Jami'an Isra'ila na nuni da yadda hare-haren ƙunar baƙin wake suka ragu ƙwarai bayan gina katangar.

Falasɗinawa kuwa na amsawa da cewa in da tsaro ne kawai manufar, da a kan iyakar 1967 aka gina ta. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa kimanin kashi 85 cikin 100 na hanyar da aka shata wa katangar, mai tsawon fiye da kilomita 700, a cikin Gabar Yamma take. A ranar 9 ga Yulin 2004 Kotun Duniya da ke birnin Hague ta ba da shawarar cewa gina ta a cikin yankin da aka mamaye ya saɓa wa dokokin ƙasa da ƙasa. Isra'ila ta yi watsi da wannan matsayi. Shi kansa Shinge na 300 ba a kan iyakar 1967 yake ba, yana cikin yankin da aka mamaye ne.

Daga tsakiyar shekarun 2000 ma'aikatar tsaron Isra'ila ta soma miƙa wasu manyan shingaye ga kamfanonin tsaro masu zaman kansu, tana cewa hakan zai rage gogayya tsakanin matasan sojoji da farar hula. Ma'aikatan ba su ga sauƙi nan take ba. A 2009 jaridar Haaretz ta ba da labarin cewa a shingen Sha'ar Efrayim an ƙayyade irin abincin da lebura zai shiga da shi, har da yawan burodi da 'ya'yan zaitun, an kuma hana manyan gorunan ruwa, ga mutanen da za su yini suna aikin ƙarfi cikin rana.

Komawa gida ma ta taɓa zama abin jayayya. Da yake ba a cika bincike a hanyar dawowa ba, ma'aikata kan hau motocin safa da ke zuwa matsugunan Yahudawa 'yan kama-wuri-zauna, lamarin da mazauna matsugunan suka yi ta ƙorafi a kai. A 2013 aka buɗe wasu layukan safa na musamman domin Falasɗinawa daga shingen Eyal. A watan Mayun 2015 ministan tsaro Moshe Ya'alon ya soma gwajin wani tsari da zai tilasta musu komawa ta shingen da suka shigo, amma sukar da ta biyo baya, a ciki da wajen ƙasar, ta sa Firayim Minista Benjamin Netanyahu ya dakatar da shi cikin 'yan sa'o'i.

Takardar da ake saye da tsada

Duk da wannan wahala, samun shiga layin gata ne. Wani sashe na ma'aikatar tsaro mai kula da harkokin farar hula a yankunan da aka mamaye, wanda ake kira COGAT a taƙaice, shi ke ba da takardun, bayan hukumar leƙen asirin cikin gida ta Shin Bet ta tantance mai nema. An daɗe ana fifita magidanta: a wasu shekaru sai mai aure da 'ya'ya wanda ya haura 35, daga bisani aka sassauto da shekarun zuwa 22 ga mai aure. Dalilin a bayyane yake, wato mai iyali yana da abin da zai ji tsoron rasawa.

Ana iya soke izini ba tare da bayani ba, kuma sau da yawa mutum a bakin taga yake sanin an sa shi cikin jerin waɗanda aka hana. Laifin wani ma yana iya shafar wani. Bayan harin da aka kai kasuwar Sarona a Tel Aviv a watan Yunin 2016, an dakatar da takardun ziyarar watan azumi 83,000, aka kuma soke izinin aikin dangin maharan su kimanin 200. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun sha zargin cewa ana amfani da takardar wajen matsa wa mutane su zama masu kai rahoton maƙwabtansu.

Abin da ke jan mutane shi ne bambancin albashi. A 2022 mafi ƙarancin albashi a yankin Hukumar Falasɗinawa shekel 1,880 ne a wata, a Isra'ila kuwa 5,300. Ƙwararren birkila ko mai ɗaurin rodi yana iya samun fiye da ninki biyu na abin da zai samu a gida, in ma ya samu aikin a gida. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2013 cewa takunkumin da ke kan yankin C, wato kashi 60 cikin 100 na Gabar Yamma da ke ƙarƙashin cikakken ikon Isra'ila, yana jawo wa tattalin arzikin Falasɗinawa asarar kimanin dala biliyan 3.4 a shekara. Shi ya sa ake samun masu digiri a cikin layin, da bokitin filasta a hannu.

Inda bukata ta yi yawa, dillalai ba sa nisa. Da yake ɗan kwangila ne ake ware wa adadin takardu, wasu sukan karɓi fiye da bukatarsu su sayar ta hannun dillalai. Wani bincike da Babban Bankin Isra'ila ya wallafa a 2019 ya ƙiyasta cewa kimanin ma'aikata 20,000, kusan kashi 30 cikin 100 na masu izini a lokacin, sayen takardunsu suke yi, a kan kimanin shekel 2,000 kowane wata. Ko mutum ya yi aiki ko bai yi ba, ko an rufe shinge saboda bikin Yahudawa ko saboda wani hari, dillali sai ya karɓi kuɗinsa. Wannan ma wani dalili ne na turereniyar asuba: wanda ya riga ya biya kuɗin wata ba zai yarda yini ɗaya ya kuɓuce masa ba. A Disamban 2020 aka yi gyaran da ya raba takardar da sunan ubangida a fannin gini, amma ƙungiyar kare ma'aikata ta Kav LaOved da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun ba da rahoton cewa cinikin bai mutu ba.

Sabbin na'urori

A 2019 aka buɗe sababbin gine-gine a Kalandiya da Shinge na 300. An kawar da kejin ƙarfe daga babbar hanyar wucewa, aka faɗaɗa zauruka, aka kafa ƙofofin lantarki masu karanta kati da gane fuska. Ma'aikata da dama sun shaida cewa abin da yake cin awa biyu ya koma 'yan mintoci a safiyoyin da komai ya tafi daidai. Wannan sauƙi na gaske ne, kuma ya nuna cewa azabar shekaru 14 da suka gabata ba dole ba ce.

Sai dai ya zo da nasa farashin. Kowane mai wucewa fuskarsa da zanen yatsunsa suna cikin rumbun bayanan hukumomin soja. Kamfanin AnyVision na Isra'ila, wanda ya samar da fasahar gane fuskar, ya sha suka har kamfanin Microsoft ya sanar a watan Maris na 2020 cewa zai janye jarinsa daga ciki. Masu suka daga ɓangaren Falasɗinawa na cewa gyara shinge ya zama kamar filin jirgin sama alama ce ta cewa ba a da niyyar cire shi.

Ranar da aka rufe ƙofa

Kafin watan Oktoban 2023 yawan ma'aikatan ya kai matsayin da bai taɓa kaiwa ba. Fiye da mutum 150,000 daga Gabar Yamma suna aiki a Isra'ila da matsugunanta, wato kusan ɗaya cikin kowane ma'aikata biyar na yankin. A Gaza ma, inda aka hana leburori fita tun 2006, an sake soma ba da izini daga 2021, har adadin ya kai kimanin 18,500.

Harin da Hamas ta kai kudancin Isra'ila ranar 7 ga Oktoban 2023, wanda ya hallaka kimanin mutum 1,200, da yaƙin Gaza da ya biyo baya, sun kawo ƙarshen wannan a dare ɗaya. An dakatar da kusan dukkan takardun. Dubban ma'aikatan Gaza da abin ya rutsa da su a cikin Isra'ila an tsare su, a farkon Nuwamba kuma aka mayar da dubbai daga cikinsu zirin ta mashigar Kerem Shalom, ana tsaka da ruwan bama-bamai. A Gabar Yamma rashin aikin yi ya haura kashi 30 cikin 100 a watannin da suka biyo baya.

A cikin Isra'ila kanta an yi ta jayayya. Rundunar soja da Shin Bet sun ba da shawarar a bar wani adadi na ma'aikatan su koma, suna gargaɗin cewa zaman banza da talauci za su iya hura wutar rikici, 'yan kwangila kuma suna kukan gine-ginensu sun tsaya. Ministoci masu ra'ayin riƙau irin su Bezalel Smotrich da Itamar Ben-Gvir suka ƙi. Gwamnati ta juya ga ƙasashen Asiya, inda a Janairun 2024 aka ga dogayen layukan masu neman aikin gini a Isra'ila a jihohin Haryana da Uttar Pradesh na Indiya. Waɗanda aka bari suka koma bakin aiki da wuri su ne wasu dubbai da ke aiki a matsugunan Yahudawa na cikin Gabar Yamma, da kuma 'yan ƙalilan a fannonin da aka ce ba za a iya yi ba tare da su ba.

Sauran kuwa da yawa sun nemi wata hanya. A 2024 da 2025 garin Al-Ram da ke arewacin Birnin Ƙudus ya yi suna a matsayin wurin da magidanta ke biyan masu fasa-ƙwauri su kafa musu tsani a jikin katanga mai tsawon mita takwas, su hau, su sauka da igiya ta ɗaya gefen, akasari cikin dare ko da asuba. Wasu sun faɗo sun karye, wasu jami'an tsaro sun harbe su, kuma tarayyar ƙungiyoyin ƙwadagon Falasɗinu ta riƙa fitar da sanarwar mutuwarsu ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya tsallake lafiya yakan yi makonni yana kwana a cikin ginin da yake aiki, yana ɓuya daga 'yan sanda, domin komawa gida na nufin sake hawa katangar.